Kan Burtun Baba Barmo

Samarin da ke jiran fasinja a tashar kabu-kabu ta Gidan Amumune sun sa mini suna Tsoho Mai Zaman Karkace. Gaskiyarsu ne. Ba na zama a benci sai da gefen hagu, ƙafar dama a miƙe. Rannan wani dogo a cikinsu, Lawali, ya ce wai an gaya masa ni maharbi ne a da. Na ce haka ne. Ya ce, "Baba, ai farautar barewa ba aiki ba ce. A ba ni moto da isansi cike da tanki, in kora ta har ta faɗi." Sauran suka yi dariya. Lokacin bakina da goro. Yanzu zan faɗa, kuma zaman karkacen yana cikin labarin.

Barewa dai yau babu ita wajenmu, wadda ta rage kuma hukuma ta hana a taɓa. Daji ya zama gona. A zamanin da nake magana, Gulbin Kaba daji ne na gaske. Goriba ta haɗe kai a sama, ƙasa kaba ce da sabara da gamba mai rufe mutum. In ka shiga ba ka san hanya ba, sai makiyaya sun tsince ka.

Ku fara sanin bindigar. Ba irin ta soja ba ce. Maƙeri ke ƙera ta da bututun ƙarfe. Ta baki ake ɗura mata albarushi, a danna tsumma, a zuba dalma, a sake danna tsumma. Harbi guda gare ta. In ka kuskure, kafin ka sake ɗuri barewa ta kai Mayahi. Kuma ba ta cin nesa. Sai ka matso har kana ganin kunnen dabba yana korar ƙuda. Barewa ba ta yarda mutum ya matso haka. Abin da take yarda da shi tsuntsu ne, burtu, baƙin nan babba da ke tafiya a ƙasa yana tsintar fara da ƙadangare. Shi ya sa maharbin barewa yake zama burtu.

Kan burtu na gaske ake busarwa, da bakinsa da tullun da ke samansa, a ɗora a lanƙwasasshen icce da aka naɗe da fata, a manna jajayen 'ya'yan tsiron nan idon zakara a maƙogwaro. Akwai igiyar fata da za ka ɗaure a goshi. Ka yafa baƙin zane daga wuya har duwawu, ka naɗa tsumma a gwiwa, ka duƙa, bindiga ƙarƙashin zane. Kana da 'yar jakar toka a wuya, ka riƙa zuba kaɗan don ka ga inda iska ta nufa. Ba ka wanka da sabulu, ba ka shan taba. Daga nan sai kiwo. Ka sunkuya ka caki ƙasa, ka ɗago, ka waiga, ka ɗan taka gabas alhali yamma kake so. Burtu ba ya miƙe hanya, yawo yake. Ranar da ka nufi barewa kai tsaye, da zanenka kaɗai za ka koma gida. Ƙasar kuma ba tabarma ba ce. Ƙarangiya ce da tsidau da cinnaka, kuma ba ka da izinin yin tsaki.

Ina saurayi na shiga hannun Baba Barmo, babban maharbin garinmu. Gajere ne, busasshe, maganarsa ba ta wuce a ƙirga da yatsu. Aikin farko da ya ba ni, ya kai ni gindin aduwa ya nuna mini kashi, ya ce in murje in gaya masa yaushe barewar ta wuce. Na murje na ce jiya. Ya ce in shinshina. Na shinshina na ce jiya dai. Ya ce na akuya ne. Damina ta zo ta wuce ina shinshinar kashi kafin ya bar ni in taɓa bindiga.

Ga al'adar maharbanmu. Yaron maharbi ba ya ɗaura kan burtu na gaske. Na icce ake sassaƙa masa, a shafe da baƙin tukunya. Duk abin da ya kashe na maigidansa ne, nama da fata da ƙaho. Rabonsa wuya da kayan ciki. Ranar da maigida ya ga ka isa, ba zai gaya maka ba. Zai shiga daji shi kaɗai ya harbo burtu, ya gyara kan da hannunsa, ya ɗaura maka a goshi gaban mutane. Daga ranar, abin da ka kashe naka ne. Waɗanda muka fara tare duk an sallame su. Ni na yi gemu, na yi aure, matata Hajo ta haihu ta ƙara, ina nan da kan icce ana ce mini yaron Barmo. In na duƙa gabansa ina gwada kiwo, sai ya ce, "Salau, wanga ba burtu ba ne, jaki ne aka yafa ma zane." Ni ban taɓa ganin kaina daga baya ba, don haka ban yi gardama ba.

Masu saye suna da yawa, kuma ƙofar Barmo suke zuwa. Malamai na son fata don buzu da gafaka. Masu magani na son ƙaho. Matan attajiran Tasawa na aiko a kai musu busasshen nama, su tauna su ce ya yi tauri, su sake aikowa. Yakubu maƙwabcina, Kirista ne manomi, duk bikin Nowel, wato Kirsimeti, sai ya ɗoro gero a amalankensa ya karɓi cinya. Da hatsi aka fi biya. Cinyar barewa tana shigo da gero gida. Wuya da hanji ba su shigo da komai sai romo. Hajo ta fi kowace mace a garinmu iya miyar wuya, kuma ba ta son a yaba mata.

Sai maganar ƙishimi, wato namijin barewa da ya tsufa ya bar garke yana yawo shi kaɗai. Mace da 'yan ƙanana kowa na iya samu. Ƙishimi bai tsufa don sa'a ba. Ya ga burtun ƙarya, ya ji ƙarar bindiga, ya rayu, kuma bai manta ba. Akwai guda a gulbin da muke kira Gwame, don kofatonsa na baya ya karkace waje, ko da hannu ka shafa sawun ka san shi. Ba ya kwanciya sai ya ba iska baya, idonsa yana tsare inda hancinsa bai kai ba. Yana taka sawun shanu don nasa ya ɓace. In ya ji ana binsa, sai ya yi kewaye ya dawo ya tsaya gefe yana kallon mai binsa ya wuce. Ya yi mini haka. Na wuni ina rarrafe bisa sawunsa, da la'asar na duba gabana na ga sawun gwiwoyina, ga kuma karkataccen kofato a kansu. Ashe tun azahar shi ke bina.

Shekarar da gero ya ƙi, ruwa ya ɗauke ana cikin bununi. Abin da na girbe bai rufe ƙasan rumbu ba. Maza suka fara tafiya, wasu Kano, wasu arewa. Namun daji ma suka ragu. Wata safiya Hajo ta tare ni bakin rumbu ta ce, "Maigida, leƙa."

Na ce, "Na leƙa jiya."

Ta ce, "To bai ƙaru ba. Ko tsohon nan ya sallame ka abin da ka kashe ya zama namu, ko ka aje iccen nan ka bi maza cin rani. Ɗiya ba su ƙoshi da romo. Ran da na share ƙasan rumbun ga da tsintsiya, ran nan za ka tahi."

Ban iya komai ba sai daji. In na tafi Kano, dako zan yi, kuma wanda ya bar hannun maigidansa da kan icce ba ya dawowa. Na iske Baba Barmo a zaure yana shafa wa bindiga mai. Na durƙusa na ce, "Baba, gida ba hatsi."

Ya ce, "Gidan wa ke da shi?"

Na ce, "Baba, kan nike roƙo."

Ba a roƙon kai, abin kunya ne. Amma a shekarar kunya ta yi araha. Ya dube ni ya ce, "Kawo mani Gwame."

"Baba, kai ma ka bi shi ba ka samu ba."

"Shi ya sa nike son ganin shi kusa."

Fitar farko na sami Gwame gindin aduwa yana tsintar 'ya'ya. Toka ta nuna iska daga wajensa take zuwa. Na yi kiwo irin wanda ban taɓa yi ba, na caki ƙasa, na waiga, na karkata. Ya ɗago ya dube ni. Bai ko gudu ba. Ya tsaya ya yi fitsari, ya juya ya shiga kaba a hankali kamar mai zuwa gaisuwa. Da gudu ya yi, da na ce na ba shi tsoro. Na sake fita, na sake, abin duk ɗaya. Gwiwoyina suka zama kamar na raƙumi.

Jabbo, Bafulatanin da ke zaune bakin gulbi da shanunsa da iyalinsa, ya iske ni ƙarƙashin gawo ina tsintar ƙarangiya daga zane. Ya ce, "Kaɗo, yau ma tsuntsu ya dawo baki wayam?" Na ce ya bar ni in ji da abin da ya dame ni. Ya miƙo mini ƙwaryar nono, ya tsuguna. Ya ce, "Ni ban san harbi ba, amma kullum ina ganin Gwamenka. Ka taɓa ganin burtu yana kiwo shi kaɗai?"

Shekara da shekaru ina zama burtu, ban taɓa tambayar kaina wannan ba. Burtu mata da miji suke yawo, wani lokaci da ɗansu a baya. Ƙananan bareyi ba su damu da haka ba. Gwame ya damu. Jabbo ya ce burtu biyu kaɗai suka rage a gulbin a shekarar, suna kiwo a fadamar kudu, kuma da safe Gwame ba ya nisa da su. In sun natsu ya ci, in sun ɗaga kai ya tafi. Ya mai da su masu gadinsa. Burtu na uku da ya ɓullo daga wani gefe shi kaɗai, ga shi waɗancan biyu suna kauce masa, ai ko akuya ta san mutum ne.

Abin yi ya fito fili. Sai burtun nan biyu sun yarda ni ɗan'uwansu ne.

Na bar bindiga gida, na koma fadamar kudu da zane da kan icce. Da farko in na ɓullo sai su bar wurin. Na fara kiwo nesa, ban dube su ba, ina barin fara a bayana. Farar kuwa wadda Hajo da yara ke kamawa da sanyin safiya ce don a soya. Ran da ta kama ni ina dumbuza a ƙwarya, ta riƙe haɓa ta ce, "Farar ɗiyana kake kai ma tsuntsu?"

Na ce, "Dabara ce."

Ta ce, "Wasu mazan na kawo tsuntsu gida a ci. Ni nawa kwasar na gida yake ya kai mashi. Allah ya ba ni haƙuri." Amma ba ta karɓe ba. Washegari ma na iske ta ware mini kaɗan a ganyen kalgo.

Wata safiya namijin ya taso mini. Ya kumbura maƙogwaro, ya yi wannan gurnanin nasu mai kama da ganga daga nesa, ya zo ya sari kan iccen har ya juye ya koma bisa kunnena. Na tsaya cik, ina kallon ƙafafunsa ta ƙarƙashin zane. Ya sake sara. Na sunkuyar da kai ƙasa irin na wanda ya san girman na gaba. Ya kewaye ni, ya tsinci fara, ya tafi. Haka tsuntsu ya mare ni na ba shi haƙuri. Daga ranar suka bar ni ina bin bayansu. Na koyi abin da Barmo bai koya mini ba: yadda suke tsayawa a karkace su dubi sama da ido guda, yadda suke tone busasshen kashin shanu, yadda macen ke jiran namiji ya fara wucewa. Ban gaya wa Baba Barmo komai ba. Mutumin da ya ce mini jaki, in ya ji ina ciyar da tsuntsu da abincin yarana, ban san sunan da zai sa mini ba. Shi a saninsa ina arewacin gulbi, inda Gwame ke kwana.

Ranar da na ɗauki bindiga, Hajo ta riga ta jingine tsintsiya jikin rumbu. Na isa fadama gari na wayewa. Burtun suka sauko daga goriba, na bi su. Toka ta ce iska tana tare da ni. Hantsi ya ɗan ɗaga sai ga Gwame ya fito daga kaba. Ban taɓa ganinsa kusa haka ba. Bakinsa ya yi furfura, ƙahonsa duk zobba, akwai tsohon tabo a kafaɗarsa. Ya dubi namijin burtu, ya dubi macen, ya dube ni. Na caki ƙasa, na karkata na dubi sama da ido guda. Ya mai da kai ƙasa ya ci gaba da ci.

Na bi tsuntsayen, su kuma kiwo ya kai su wajensa. Gamba ta rufe ni, baya da kai kaɗai ke fitowa. Na fara ganin kunnensa yana korar ƙuda. Na zura hannu ƙarƙashin zane, na juya bakin bindiga a hankali, na ɗora yatsa bisa kunama. Sai na ji ƙara. Na ce a raina, yaushe na harba? Sannan na ji kamar an juye mini kaskon garwashi a duwawun dama.

Yatsana ya ja da kansa, tawa bindigar ta tashi sama, ta sami goriba, 'ya'ya suka zubo mini a baya. Su ne kaɗai abin da na harbo a ranar. Burtun suka tashi, fararen fukafukansu a buɗe. Gwame ya yi tsalle guda, ya hau ɗan tudu, ya tsaya. Ni kuma ina kife, na ji ana tahowa da gudu ana tattaka gamba. Hannu ya damƙi wuyan iccen da ke goshina, na ga wuƙa tsirara. Aka yaye zane.

"Salau?"

"Na'am, Baba."

"Mi kake yi cikin burtuna?"

"Kiwo nike, Baba."

"Ba arewa kake ba?"

"Gwame kudu yake karin kumallo. Ga shi can yana kallonmu."

Baba Barmo ya waiga. Ƙishimin yana tsaye bisa tudu yana duban maharba biyu da bindigogi biyu, duk babu ɗuri. Ya kaɗa wutsiya ya sauka ta baya. Tsohon ya zauna daɓas a ƙasa. Can ya jawo ni ya duba wurin, ya yage rawaninsa ya danna. Ya ce, "Dalmar tsuntsu ce, ba ka mutuwa. Da ta barewa na ɗura, da yanzu ina tunanin abin da zan ce ma Hajo."

Ku gane wannan. Ba a harbin burtu a kai, tunda kan ake so. Baya ake nufi, da ƙananan dalma kamar ƙwayar dawa. Wannan ƙa'idar ce ta bar ni da rai.

Na ce, "Baba, mi ya kawo ka?"

Ya ce, "Na wuce ta gidanka na ga tsintsiya jikin rumbu. Na ce ko Gwame ko ba Gwame, in sallame ka. Na zo neman burtu. Na san biyu ne, na iske uku, na ce ɗansu ne ya dawo. Na duba na duba, na ce wancan babban, kanshi zai dace da goshin Salau."

"Baba, kai ka sassaƙa shi."

"Na gani yanzu. Rufe mani baki."

Jabbo ya ji harbi biyu ya zo. Da ya tabbata ina numfashi, sai da ya riƙe sandarsa don kada dariya ta kada shi, sannan ya ruga gari ya kira Yakubu da amalanke. Aka ɗora ni rub da ciki, zane a baya, kan icce a gefena. Yakubu yana korar sansa yana cewa, "Maƙwabci, na saba ɗaukar cinya a amalanken ga, amma ban taɓa ɗaukar mai nishi ba." Muka ratsa gari, kuma ranar ba wanda ya je ko'ina, kowa na ƙofar gidansa. Hajo ta fito ta dube ni daga kai har ƙafa, ta ga idona biyu, sai ta ce, "Wanga ne naman?"

Wanzami ya zo da askarsa ya yi ta tono yana jefawa a tasa. Abin da ya fi ƙarfinsa aka kai ni gidan likita a Mayahi, suka cire wasu, suka ce sauran sun yi nisa, a bar su, in ban dame su ba ba za su dame ni ba. Ƙarya ne, suna damuna, amma dai ina nan.

Da aka dawo da ni, Baba Barmo ya tara maharba da dattawa a zauren gidana. Ina kwance rub da ciki bisa tabarma. Ya buɗe jakarsa ya fito da nasa kan burtun, tsohon da nasa maigidan ya ɗaura masa, fatar wuyan ta yi sulɓi don gumi. Ya ce, "Burtu biyun can ba ni kashe su, su suka koya mashi abin da na kasa. Ga nawa." Ya duƙa ya ɗaga haɓata ya ɗaura mini a goshi. Ya ce, "Ku shaida, na sallami Salau. Wanda ya ruɗe ni ya isa."

Wani daga baya ya ce, "Ko dai idon tsoho ne ya ƙare?"

Barmo ya ce, "Duka biyu."

Har yau a garinmu ba a gama wannan gardamar ba. Ni ina bayan magana ta farko, kuma ni kaɗai ne.

To an sallame ni, abin da na kashe nawa ne, amma ko bayan gida sai an riƙe ni. Rumbu kuma an share shi. Washegari Baba Barmo ya shigo, bai yi sallama da kowa ba sai Hajo, ya ɗauki kan iccen da ke rataye, ya fita. Na aika wa Jabbo ya kau da baƙaƙen maruƙansa daga fadama. Da la'asar tsohon ya dawo da gada a kafaɗa. Ya shimfiɗe ta ƙofar ɗakina, ya feɗe, ya yanke wuya, ya kwashe kayan ciki a ƙwarya, ya miƙe zai tafi. Hajo ta ce, "Baba, ɗauki cinya mana."

Ya ce, "Kan icce gare ni, ɗiyata. Rabon mai kan icce wuya ne."

Haka ya yi ta yi har na tashi. Wata rana barewa ƙarama, wata rana zabin daji, wata rana ba komai sai ƙarangiya a gemu. Masu saye suka koma ƙofata. Yakubu ya kawo gero ya karɓi cinya, ya ƙara da abin da bai kamata ya ƙara ba a shekara irin wannan. Da haka muka kai ruwan shuka, ban je Kano ba. Matar Barmo ta aiko a tambayi Hajo yadda ake miyar wuya. Ran da na fara taka ƙafa na fita daji da kaina, ran nan Baba Barmo ya rataye bindigarsa, bai sake saukar da ita ba.

Na yi shekaru ina harbi da kan nan. Na kashe bareyi da yawa, har da ƙishimai. Gwame ban same shi ba. Na sake binsa, amma daga ranar ko burtun gaske ya gani sai ya bar wurin, su ma na ɓata musu suna. Bayan wasu damuna Jabbo ya tsinci ƙasusuwansa gindin goriba, haƙoran sun cinye, ba alamar dalma ko kura. Tsufa ya kashe shi a kwance, ya ba iska baya. Jabbo ya kawo mini ƙahon, yana nan rataye a ɗakina. Baƙi in sun gani sukan ce, "Kai, wannan maharbi ne." In ba su tambaya ba, ba na gyara musu.

Don haka, Lawali, ka bar maganar moto. Kan burtun yana nan, zanen ma yana nan. Ka zo in ɗaura maka, ka yi mini kiwo daga tasha zuwa rijiya ta cikin ƙarangiya, ba tsaki, ba duba salula. In kaji ba su watse ba, mu yi magana. Ku da kuka yi lakwal, karatun boko, an ba ku takarda kun rataya a bango. Ni tawa shaidar a kanta nake zaune, shi ya sa nake karkacewa.